Sada Mai Fassara da Shanun Sama

A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, har mai sayar da goro ya fara ɗaura agogo, an yi wani mutum a Birnin Kudu ana ce masa Sada mai fassara. Aikinsa shi ne ya zauna a gefen majigi da lasifika a hannu, Turawan cikin fim suna magana da yarensu, shi kuma yana juya wa jama'a da Hausa. Majigin na Alhaji Maikuɗi ɗan kwangila ne, haka janareton, haka a-kori-kurar da ke ɗaukar su. Sada ba shi da komai a ciki sai murya. Amma in motar ta shigo gari ba mai cewa ga majigin Alhaji. Cewa ake yi ga Sada ya zo, kuma wannan ya fi masa sabuwar riga daɗi.

Turancinsa ba shi da yawa. Aji uku ya yi a elemantare, sannan ya shekara tara yana masinja wurin wani Bature likitan dabbobi, kafin a sami mulkin kai. A nan ya tsinci abin da ya tsinta: zo, tafi, kawo, rufe ƙofa, da zagi iri biyu. Turawan fim kuwa ta hanci suke magana, da sauri kamar an biyo su. Saboda haka Sada bai dogara da kunne ba, da ido yake fassara. Yana da wata ƙa'ida da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Wanda ake durƙusa wa shi ne mai gaskiya. Wanda ke da soja da tuta shi ne hukuma. Wanda kuwa ya ɓuya a daji da tsumma a jiki, to akwai abin da ya yi. Shekara shida yana aiki da ƙa'idar nan ba ta taɓa ba shi kunya ba.

A Gwaram da rana suke nunawa, ranar kasuwa, don mutanen Kwandiko da na rugage su samu su koma gida kafin magariba. Akwai wani tsohon sito na gyaɗa da ya zauna ba kowa tun da gyaɗa ta daina albarka. Sai a toshe tagoginsa da buhuna, a kafe farin ƙyalle a bango, ciki ya yi duhu da tsakar rana. Maza a gaba a kan benci da tabarmi, mata masu tallan nono a can baya da ƙorensu. Jemagu suna zaune a rufin. Wani lokaci ɗaya zai gifta ta cikin hasken, inuwarsa ta fito a ƙyallen ta kai girman raƙumi, Sada kuwa ba ya rasa abin cewa, sai ya ce aljanin gidan ne ya zo kallo bai sayi tikiti ba.

Ana nan sai Alhaji ya samo wani fim daga Kano mai kashi uku, kowane kashi sai an yi wata biyu kafin ya iso. Labarin ba a duniyar nan ya faru ba. Can sama ne, inda taurari garuruwa ne, ana tashi daga wannan zuwa wancan a jiragen ƙarfe masu kama da tulu. Akwai wani sarki mai mulkin rana bakwai da duk duniyoyin da ke kewaye da su. Ba ya taka ƙasa. A cikin wani ƙoƙon gilashi yake zaune, ƙoƙon yana shawagi da shi, koren gemunsa har cibiya. Sojojinsa shuɗin kaki suke sawa, tsawonsu ɗaya kamar an daidaita su da almakashi. A wata jar duniya mai wata biyu kuma akwai wasu mutane masu faci a riga, suna yawo da wasu dabbobi masu ƙafa shida da tozo biyu, ƙahonsu kamar reshen tsamiya. Jama'a suka sa musu suna shanun sama.

A kashi na farko an ga masu facin nan sun faɗa wa wani shingen ƙarfe, sun fasa shi, sun tafi da dabbobin da ke ciki. Sada ya duba, ya ga kowa na durƙusa wa mai koren gemu, ya ga masu faci suna kwana a kogo. Bai yi wata-wata ba ya ce ɓarayin shanu ne, 'yan tawaye, sun ƙi bin hukuma. Ya ƙaga wa sarkin kirari nan take: mai rana bakwai a aljihu, hadari ba ka neman izini, na cikin gilashi ka fi na kan doki. Kafin mako ya zagayo, direbobin tasha sun haddace shi, har wani ya sa an rubuta rabinsa a bayan motarsa.

Ba wanda ya kai Manu jin daɗin fassarar nan. Manu taubashin Sada ne, ɗan goggonsa Hajjo. Tsohon soja ne, ya baro yatsu uku a yaƙin basasa, yanzu shi ke gadin siton. Duk sanda masu shuɗin kaki suka jeru a ƙyalle sai ya miƙe ya sara musu da hannun nan mai yatsu biyu.

Kashi na biyu ya iso da kaka. Alhaji ya ce sau biyu za a nuna shi a Gwaram, na hantsi don 'yan kasuwa, na bayan la'asar kuma don wani baƙo. Baƙon Manjo ne na soja, ya zo hutu garinsu, Alhaji kuma yana neman kwangilar kwalbatoci da yake ganin kalma ɗaya daga bakin mutumin za ta isa.

Na hantsi ya tafi lafiya. An ga jiragen sarki sun sauka a jar duniya, sojoji sun rufe rijiyoyi da murfin ƙarfe, masu faci sun kwashi dabbobi sun nufi wani fili fari fat kamar an shimfiɗa gishiri. Sada ya ce ɓarayi sun ga uwar bari, suna gudu da kayan sata. Aka yi dariya, aka watse.

Da ya fito sai aka ce masa Goggo Hajjo na kiransa. Ta haura saba'in, amma har yanzu ita ke kawo nononta kasuwa da kanta, kuma ranar ce ta fara shiga majigi a rayuwarta. Ya same ta a gindin ɗorawa bayan 'yan awaki, tana dama fura, Manu na zaune a kan tushen itacen. Sada ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ta. Ta miƙa masa ƙwarya, ta jira sai da ya sha rabi.

"Sada, ɗazu na ji ka ce mutanen nan ɓarayi ne."

"Haka Turancin ya ce, Goggo."

"Ni ban jin Turanci. Tambayarka nake. Yarinyar nan mai jagorantarsu, a ina take tafiya, gaban shanun ko bayansu?"

Sada ya yi ƙoƙarin tunawa. Shi fuskoki yake kallo da tufafi, bai taɓa lura da wa ke gaba wa ke baya ba.

"A gaba take," in ji Goggo. "Ba ta waiwaya ko sau ɗaya ba. Ɓarawo a baya yake tsayawa, da sanda, yana kora yana waige. Saniya ba ta bin wanda ba ta sani ba, ko dusa ce a hannunsa. Ka ga ɗan maraƙin da ta saɓa a wuya? Uwar na biye tana lasar gwiwar hannunta. Su kuma masu shuɗin kayan da suka kama 'yan kaɗan, ka ga yadda suka yi da su? Ta baya, da sandar wuta, shanun na fantsama kamar an jefa dutse cikin zabi. Wa ke da shanu a nan?"

"Inna, fim ne fa," in ji Manu. "Shanun ma ƙafa shida gare su."

Goggo ba ta kiran sunan Manu, don shi ne ɗanta na fari. Ta ce, "Kai wannan, ko ƙafa goma gare su, sun san mai su." Ta juyo wurin Sada. "Da Nasara suka zo, kakanka ya ƙi tsayawa a ƙirga garkensa don jangali. Ya kaɗa gabas da shanunsa, ina goye a bayan uwata. Tafintan Bature ya tsaya a kasuwa ya ce ɗan tawaye ne, ɓarawo, shanun na hukuma ne. Tafintan nan ɗan ƙasa ne, da hula irin taka. Ban ce kai ne ba. Na ce dai hular iri ɗaya ce. Shanye furarka."

 Sada ya ajiye ƙwarya bai shanye ba, ya yi godiya ya tashi. Manu ya biyo shi yana dariya.

"Malamin Turanci, yau tsohuwa ta kayar da kai ba ta san ko harafi ɗaya ba."

"Rufe min baki, bawana. Kai da ka sara wa hoto."

"Na sara wa kaki. Tawaye tawaye ne, Sada, ko a ƙasa ko a sama. Na ga abin da yake haifarwa, kai kana nan kana shan fura." Ya ɗaga hannun nan nasa. "Ka bar maganar yadda take. Jama'a na jin daɗi, Alhaji na jin daɗi."

 Sada ya wuce siton, ya tarar da Alhaji Maikuɗi yana sa a shimfiɗa darduma a gaba, an kawo kujera mai hannu daga gidan wani, an jera kwalaben lemo a bokitin ruwa. Ya jira har Alhaji ya juyo, sannan ya rage murya ya ce yana ganin akwai gyara a fassarar. Shanun na masu facin ne, sarkin shi ne ya ƙwace.

Alhaji ya dube shi kamar wanda ya ce zai sha kananzir.

"Malam Sada, lafiyarka ƙalau? Mai kaki zai zauna a kujerar nan, a mulkin soja, kai kuma ka tashi da lasifikata ka yi wa 'yan tawaye kirari?"

"Alhaji, ba na ƙasar nan ba ne. Na sama ne."

"Na sama ko na ƙarƙashin ƙasa. Wata biyu kana cewa ɓarayi ne, wa ya yi ƙorafi? Ka faɗi abin da ka faɗa da hantsi, kalma da kalma, ka ƙara wa sarkin kirari ma. In ka canza, ka ajiye min lasifika ka kama gabanka. Ga Malam Ɗanladi na firamare nan, Turancinsa har Bature na tambayarsa ma'ana. Tun bara yake roƙona."

Sada ya ce to. Ya koma bayan siton ya zauna a kan wani tsohon sikeli da ya yi tsatsa. Ya yi ta lissafin abin da zai zama in babu lasifika. Ba shi da gona, ba shi da saniya ko ɗaya, garken gidansu ya ƙare tun yana yaro a Yalwan Damai, shekarar da ciwon bushiya ya share shanu. Shekarunsa hamsin da biyar. In ya ajiye ƙarfen nan, mutum ne kawai mai tsohuwar kwat da Bature ya bar masa. Ya ce a ransa wataƙila tsohuwa ba ta gani da kyau ba, daga can baya take, ga duhu. Ya yi alwala ya yi la'asar, ya shiga.

Siton ya cika har ƙofa. Manjo ya zo cikin farar riga, ba kaki ba, mutum siriri mai gilashi, ya gaisa da dattawa ya zauna. Ɗanbala direba, wanda shi ne kuma ke juya majigin, ya tayar da janareto. Haske ya faɗa a ƙyalle, mai koren gemu ya fito yana shawagi a ƙoƙonsa. Sada ya sa baki a lasifika ya yi masa kirarin da aka saba. Aka amsa da shewa. Alhaji ya waiwayo ya gyaɗa masa kai.

Amma wannan karon idon Sada ya ƙi tsayawa a fuskoki. Da sojoji suka ɗora murfin ƙarfe a kan rijiya, sai ya lura da bakin rijiyar. Duwatsun sun zaizaye, igiyar guga ta yi musu zane mai zurfi, irin wanda ba ya samuwa sai an shekara ɗari ana jan ruwa. Su kuwa masu shuɗin kaki ko guga ba su da ita. Ya ce a lasifika, "Hukuma na gyara rijiya," ya ji muryarsa kamar ta wani.

Sai ga farin filin nan. Ga yarinyar ta fito ita kaɗai a gaba, ƙura na tashi a bayanta, cikin ƙurar ƙahonni sun fi dubu. Ta ɗora sandarta a kan kafaɗu ta rataye hannuwa biyu a kai.  Haka mahaifin Sada yake tafiya, daidai haka, in za su gangara fadama, ba ya duka, ba ya tsawa, sai dai ya yi wani ɗan kira a hanci shanu su miƙe. Ko wa ya koya wa Baturen da ya shirya fim ɗin wannan tafiya, Allah kaɗai ya sani. Yarinyar ta buɗe baki ta yi kira, wata babbar saniya mai karyayyen ƙaho ta ɗaga kai ta amsa.

Lasifika ta yi shiru. Fim na tafiya ba fassara, abin da ba a taɓa gani ba. Mutane suka fara waiwaye. Alhaji ya yi gyaran murya sau biyu.

"Jama'a," in ji Sada, "ku gafarce ni. Wata biyu ina faɗa muku abin da ba haka ba. Ba Turanci ne ya ce ɓarayi ba, ni ne na ce, don na ga rigarsu da faci. Ku dubi inda take tafiya. Shanun nan nata ne, na ubanta ne, na kakanta ne. Rijiyar ma tasu ce. Na cikin gilashin nan shi ne ya zo daga nesa ya..."

Sai ƙarar ta ɗauke. Alhaji ya taso da kansa ya fizge wayar lasifika daga jikin injin, ya tsaya da ita a hannu yana huci. Ɗanbala dai bai kashe majigin ba, ya sunkuyar da kai kamar yana neman wani abu a ƙasa.

Sada ya dubi ƙarfen da ke hannunsa. Ya ajiye shi a hankali a kan tebur, ya hau bencin da yake zaune a kai. Bai san ko muryarsa za ta kai baya ba, ga ƙarar janareto, ga kiɗan fim. Kafin ya yi magana sai wani dattijo ya yi gyaran murya daga cikin makiyayan da ke zaune a gefen bango. Baba Iliyasu ne na wajen Kwandiko, mai jajayen shanu, wanda ba a cika jin bakinsa a taro ba.

"Malam Sada, ai mu mun gani tun kashi na farko. Kunyarka muka ji. Ba a gyara wa mutum magana a gaban jama'a."

Wasu daga cikin makiyayan suka ce haka ne. Ashe wata biyu suna biyan tikiti, suna zaune shiru, suna jin ana zagin masu shanu, ba wanda ya ɗaga kai. Sada ya ji kunya ta rufe shi tun daga hula har tafin ƙafa, a bayanta kuma wani abu mai sanyi, kamar wanda ya sauke kaya.

"To, Baba, yau na gyara da kaina," in ji shi. "Ku matso, ba ni da ƙarfe."

Aka matso. Siton ya yi tsit, masu tari ma suka haɗiye. Sada ya ci gaba da fassara da maƙogwaronsa kawai, kuma bai taɓa fassara irin ta ranar ba. Ya ba kowace saniya suna. Ya faɗi abin da tsohon da ya faɗi a hanya yake cewa jikokinsa, ko da yake bai ji kalma ɗaya a ciki ba. Da jiragen sarki suka tare gaba, yarinyar ta tsaya ta juya wa garken fuska a karo na farko, sai ya yi mata kirari: 'yar mai rijiya, ta gaban garke, ba ki kora ana bin ki, mai rana bakwai ya rasa inuwar da kike da ita. Daga can baya wata tsohuwar murya ta yi guɗa, gajeriya, sau ɗaya. Da shanun suka sunkuyar da ƙaho suka ratsa layin masu shuɗin kaki, rufin siton ya amsa, jemagu suka tashi gaba ɗaya.

Manjo bai ce komai ba. Ya kalli fim har ƙarshe, ya shanye lemonsa, ya gaisa da dattawa, ya shiga motarsa. Ko ya ji haushi ko bai ji ba, ba wanda ya sani. Alhaji dai ya ɗauka shirun nan fushi ne. A bakin ƙofa, a gaban mutane, ya ce wa Sada kada ya ƙara ganin ƙafarsa kusa da majiginsa, kuma ba zai koma Birnin Kudu a a-kori-kurarsa ba.

Manu ne ya ɗaukar masa jaka zuwa tasha. 

"Ni har yanzu ina bayan sarki," in ji Manu. "Ƙasa ba ta zama ba mai riƙe ta."

"Har da rufe rijiya?"

"Na ce ina bayansa, ban ce ya yi daidai ba. Na sa kaki, na san akwai abin da ake ce ka yi, ka yi, ka dawo gida ka kasa cin tuwo." Ya sauya jakar zuwa ɗaya hannun. "Amma wani lokaci in za ka yi tawaye ka riƙa sanar da ni tukuna. Na tsaya a ƙofa ban san ko in kama ka ko in kare ka ba."

"Da wanne ka yi?"

"Da na kama ka mana. Sai in sake ka a bayan sito, ka ba ni goro."

Wata biyun da suka biyo baya sun yi wa Sada tsawo. Ya koma tufka igiya, sana'ar da ya baro tun yana saurayi, yana kaiwa kasuwannin Birnin Kudu da Gwaram. Yatsunsa suka yi kanta. In a-kori-kurar Alhaji ta wuce da lasifika a kanta, sai ya duƙufa a kan ramarsa kamar bai ji ba. Bai je ya ba da haƙuri ba, ko da yake mutum uku sun ce za su raka shi.

Ranar da kashi na uku ya iso Gwaram, yana zaune a rumfarsa sai ga Baba Iliyasu da makiyaya shida sun tsaya a kansa. Suka yi sallama, suka tambayi iyali, suka tambayi kasuwa, suka taɓa igiya suka yaba. Sannan dattijon ya ciro tikiti daga cikin hularsa ya ajiye a kan tabarma.

"Alhaji ya hana ni zuwa kusa da majiginsa," in ji Sada.

"Majigin yana tsakiya, mu a gefen bango muke zama. Da nisa."

Ya naɗe igiyoyinsa ya bar wa maƙwabci, ya bi su. Manu na bakin ƙofa yana karɓar tikiti. Ya juya na Sada gaba da baya, ya ɗaga shi ga rana, ya ce bai yarda da shi ba amma zai yi haƙuri don darajar Inna. Alhaji ya gan shi ya kau da kai. Makiyayan suka buɗe masa wuri a tsakiyarsu, wani ya shimfiɗa masa buzu.

Malam Ɗanladi na zaune a wurin Sada, da farar taguwa da biro biyu a aljihu. Mutumin kirki ne, kuma da gaske yana jin Turanci. Yana fassara jimla bayan jimla, ba ƙari ba ragi, kamar mai karanta sanarwa. Daga bakinsa aka ji cewa duniyoyi da yawa sun bi sawun jar duniya sun ƙi sarkin, har wasu daga cikin masu shuɗin kaki sun ajiye makamai. Da aka zo inda yarinyar ta tsaya a gaban ƙoƙon gilashi, Malam Ɗanladi ya ce, "Ta ce ba ta zo karɓar gadon sarautarsa ba. Ta ce ya cire murfin rijiyoyin, ya koma inda ya fito."

Ba a yi shewa ba. Kawuna suka fara juyawa, daga benci na gaba zuwa na baya, duk suka nufi gefen bango. Baba Iliyasu ya karkato.

"Malam Sada, haka ne?"

Sada bai yi gaggawa ba. Ya dubi ƙyallen, ya dubi tsayuwar yarinyar da inda ta sa hannuwanta, ya dubi yadda koren gemun ke rawa a cikin gilashi.

"Haka ne," in ji shi. "Malamin ya iya."

Na kusa da shi ya faɗa wa na gabansa, wancan ya faɗa wa na gaba, maganar ta bi layi layi har ta kai can baya wurin masu nono. Sai a lokacin siton ya ɗauki shewa, Malam Ɗanladi kuma ya goge gumi ya ci gaba.